Idan fuska ta daina ba da labarin zuciya

Ranar sadakar uku ce, a wani gida cikin Birni, a Damagaram. Mata sun cika tsakar gida, kowa da carbi a hannu, ba a jin komai sai "ya ƙarin haƙuri" da "Allah ya gafarta masa". Can sai babbar ƴar mamacin, malamar makarantar firamare da ba ta cika shekara 30 ba, ta fashe da dariya. Dariya ce mai ƙarfi har da shessheƙa, ta toshe baki da mayafi amma abin ya ƙi tsayawa. Gwaggonta ta dafa ta, ta ce, "Ke ƴar nan, ki ji tsoron Allah, ubanki ne fa aka binne." Ita kuwa da ta samu numfashi sai ta ce, "Wallahi Gwaggo ba ni nake yi ba, zuwa take da kanta."

Kafin la'asar maganar ta zagaya unguwa. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sammu, wasu kuma suka ce dama can ba ta da kunya. Ba wanda ya tuna cewa shekara biyu baya idonta na hagu ya taɓa dushewa da ciwo na ƴan makonni sannan ya washe, ko cewa ta jima tana ƙorafin ƙafafunta suna mata kamar an ɗaure su da tsumma. Sai da aka sha ruƙiyya da hayaƙi, daga baya aka kai ta Yamai aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na'urar IRM, likita ya rubuta haruffa uku a takarda: SEP.

Da Faransanci ke nan. Masu Turancin Ingilishi suna cewa MS. Ma'anar sunan ita ce tabbai masu tauri da suka warwatsu a ƙwaƙwalwa da laka. Ni dai zan kira shi ciwon zaizayar jijiya, don abin da yake yi ke nan. Dogayen jijiyoyi da yawa suna da riga ta kitse mai suna mayalin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Da wannan riga saƙo yana iya gudun mita 100 ko fiye cikin daƙiƙa ɗaya. Jijiyar da ba ta da ita kuwa da ƙyar take wuce mita ɗaya ko biyu. A wannan ciwo garkuwar jiki ce take ruɗewa, ta ɗauki rigar a matsayin baƙo, ta afka mata. Wurin ya kumbura, ya lafa, ya bar tabo. Saƙo ya riƙa makara, ko ya iso a gurguje, ko ya ɓace a hanya.

Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da shi, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 20 da 40. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi na Turai da Arewacin Amurka. A yankinmu ba kasafai ake samunsa ba, ko da yake inda likitocin jijiya da na'urar IRM suka yi ƙaranci, dole wasu su wuce ba a gane su ba. A 2022 masana na jami'ar Harvard, bayan bin bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, sun nuna cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr tana ninka haɗarin sau 32. Sai dai kusan kowane baligi ya taɓa kamuwa da wannan ƙwaya, ƙalilan ne suke samun ciwon, don haka gado, shan taba, ƙarancin bitamin D da ƙiba a ƙuruciya su ma suna da nasu kason.

Wannan duk an saba faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa wayoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafa da ido irinsu ɗaya ne da waɗanda ke haɗa sassan da ke kula da fushi, tsoro, tausayi da dariya. Ciwon ba ya zaɓe.

Mu da muka tashi muna ganin fadar Sarkin Damagaram ba za mu sha wahalar fahimtar tsarin ba. Can cikin ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunne, akwai wani ɗan ƙulli mai suna amigdala. Shi ne dogarin bakin ƙofa: da ya hango abin tsoro, ko fuskar da ta murtuke, sai ya daka tsawa kafin ma mutum ya san me ya gani. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke aikin waziri, mai auna magana, mai cewa dakata tukuna, wannan surukinka ne, nan kuma gidan makoki ne. Tsakanin dogari da waziri akwai jakadu masu kai da komowa, wato damin jijiyoyi masu rigar mayalin. Dogari yana iya zama lafiyarsa ƙalau, waziri ma haka, amma idan jakada ya gurgunce, fada ta rikice. Shi ya sa masana suke kallon ciwon a matsayin ciwon yankewar sadarwa. Kuma rikicewar tana iya faɗawa a wuri uku daban: abin da mutum yake ji a ransa, abin da fuskarsa take nunawa, da yadda yake karanta fuskar wani. Yawancin zaluncin da ake yi wa masu ciwon ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan ukun.

Dariyar gidan makoki ta shafi na biyun ne. Dariya da kuka suna da injinsu a gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Injin ba ya tunani, tashi kawai yake yi. Abin da ke riƙe masa linzami jijiyoyi ne da ke saukowa daga sama, tare da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya wadda ke daidaita girman martani da girman abin da ya faru. Idan tabo ya faɗa a kan wannan hanya, linzami ya tsinke. Ƙaramin abu, kallon tausayi ko gaisuwa mai taushi, sai ya tayar da kuka ko dariya na daƙiƙoƙi ko ƴan mintoci, wani lokaci ma akasin abin da ke cikin zuciya. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu ciwon yana fama da wannan. Ba kuma wannan ciwo kaɗai ke kawo shi ba: wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ko ɗan kabu-kabun da ya bugu a ka, su ma suna iya samunsa, kuma a Damagaram waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa jinyar dattijon da ke ɓarkewa da kuka da zarar an ce masa sannu ya ga abin da idonsa.

Ba sabon gani ba ne. Jean-Martin Charcot, likitan Faransa da ya fayyace ciwon a 1868 a asibitin Salpêtrière na birnin Paris, ya lura cewa marasa lafiyarsa suna dariya ba dalili, suna kuka ba dalili, wasu kuma suna nuna halin ko-in-kula da abin da ya same su. A 1926 wasu likitoci biyu a Landan, Cottrell da Wilson, suka duba mutum 100, suka ce 63 daga ciki suna cikin wani farin ciki da bai dace da halinsu ba. Wannan magana ta zauna a littattafan likitanci shekaru da yawa, har ɗalibai suka haddace cewa mai wannan ciwo mutum ne mai fara'a. Binciken baya ya rage adadin ƙwarai, ya kuma nuna cewa irin wannan farin ciki ya fi zuwa ne bayan ciwon ya yi nisa, ya taɓa sashen goshi da kaifin tunani. Wato su kansu likitoci sun tambayi fuska, fuska kuma ta yaudare su. Abin da ya fi yawa a zuciyar marasa lafiyar shi ne akasin haka.

Kusan rabin masu ciwon zaizayar jijiya suna faɗawa ciwon damuwa mai tsanani a wani lokaci na rayuwarsu, ninki biyu zuwa uku na sauran jama'a. Kusan ɗaya cikin uku kuma yana fama da fargaba mai hana sukuni. Mai karatu zai ce, to ai dole, wa za a gaya wa yana da ciwon da ba ya warkewa ya kwana da daɗi? Gaskiya ne, amma bai gama bayani ba. Da tsananin nakasa ne kaɗai sanadi, da mai keken guragu ya fi mai tafiya da ƙafarsa damuwa a koyaushe, alhali ba haka ake gani ba. Akwai wanda jikinsa bai nuna komai ba amma duhu ya rufe shi, wani ma damuwar ce take riga sanin sunan ciwon zuwa.

Anthony Feinstein, likitan ƙwaƙwalwa a Toronto ta Kanada, ya kwatanta hotunan IRM na masu damuwa da marasa ita a 2004. Ya samu cewa masu damuwar sun fi yawan tabo a ƙasan sashen goshi na hagu, kuma gaban sashen da ke saitin kunnen hagu ya fi motsewa. Waɗannan alamu sun bayyana kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin rukunin biyu. Wasu masanan kuma suka gano cewa wani yanki na hipokamfus, ma'ajiyar tunawa, ya fi ƙanƙancewa a masu damuwar, tare da hauhawar kotizol, sinadarin da jiki ke saki lokacin tashin hankali. Sai kuma kumburin kansa. Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kwantarwa ya san yadda duniya take fita a ransa: abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ko ɗan da ka haifa ba ka son ya matso. Sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa ta janye. Mai zazzaɓi kwana uku ne ya miƙe. Mai wannan ciwo kuwa garkuwarsa tana hura irin wannan wuta a cikin ƙwaƙwalwar kanta, shekara da shekaru.

Kashi 40 ba kashi 100 ba ne, kuma a ganina sauran kason ya fi nauyi a wurinmu fiye da Toronto. Ciwon yana kama mace daidai lokacin aure da goyo. Gajiya, wadda ke addabar kusan uku cikin huɗu na masu ciwon, ba ta da rauni da za a nuna wa uwar miji. Macen da ta kasa tashi ta ɗora tukunya za a kira ta raguwa, idan ta yi kuka a ce tana kishi, idan ta yi shiru a ce ta raina mutane. Kuɗin mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko zuwa Kano, da na hoto, da na magani, duk a kan wuyan dangin da su ma nema suke. Sai a taru a ce mata ta yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, ni ma da shi aka raine ni, amma ba ya ɗinke jijiya, kuma idan aka mayar da shi amsar kowace tambaya sai mara lafiya ya daina magana. Wannan shirun yana da haɗari: masu ciwon sun ninka sauran mutane kusan sau biyu wajen hallaka kansu, musamman a shekarun farko bayan an gaya musu. Idan ɗan uwanka ya fara cewa gara ma ya huta, ko ya zame wa mutane kaya, wa'azi kaɗai bai isa ba; a kai shi wurin likita, a kuma daina barinsa shi kaɗai.

Na uku, karanta fuskar wani, shi ya fi ɓuya, shi kuma ya fi ɓata zumunci. A gwaje-gwaje ana nuna wa mutum hotunan fuskoki a ce ya faɗi halin da kowace take ciki. Wani nazari da ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2016 ya tabbatar da cewa masu ciwon, a dunƙule, sun fi kuskure wajen gane fushi, tsoro da baƙin ciki, yayin da farin ciki bai cika ba su wahala ba. Suna kuma samun cikas wajen hasashen abin da wani yake nufi a ƙarƙashin maganarsa.

A yi tunanin abin da wannan ke nufi ga Bahaushe. Mu ba ma faɗin magana tsirara. Suruka ba za ta ce ranta ya ɓaci ba. Gaisuwarta ce za ta gajarta. Miji zai ce "ba komai" alhali akwai komai. Muna da habaici, muna da gatse, inda "sannu da aiki" take nufin ba ki yi komai ba tun safe. Muna da harara, da tsaki, da kau da kai, da shirun da ya fi zagi. Yaro tun yana ƙarami ake koya masa ya gane idon uwarsa a gaban baƙi. Duk wannan lissafi ne da ƙwaƙwalwa take yi cikin ƙiftawar ido, tana haɗa fuska da murya da tarihin dangantaka, kuma saurin sarrafa bayanai yana cikin abubuwan farko da ciwon ke ragewa. Wanda saƙonsa ya makara da rabin daƙiƙa zai amsa gatse da "yauwa, na gode", zai ci gaba da zance bayan fuskar mai gida ta canza. Ba wanda zai ce masa jijiya ce. Za a ce ba shi da kara.

Akwai wani bincike ƙarami da nake yawan tunawa. A 2009 Luca Passamonti da abokan aikinsa a kudancin Italiya suka sa masu ciwon, waɗanda ba su da damuwa kuma tunaninsu garau, cikin na'urar da ke nuna sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki, suka nuna musu fuskoki masu nuna ɓacin rai. Amsoshinsu daidai suke da na masu lafiya. Amma hoton ya nuna sadarwa tsakanin amigdala da sashen goshi ta raunana, sashen goshin kuma yana aiki fiye da kima. Wato waziri ya rasa jakada, sai ya tashi da kansa yana sintiri zuwa bakin ƙofa. Aiki yana tafiya, amma da tsada. Wannan ya yi mini bayanin abin da dangi ke gani ba su gane ba: mutum da safe mai ladabi da fahimta, da yamma kuma kamar an canza shi, ƙaramin abu ya harzuƙa shi. Ƙarfin da yake kashewa don ya zama kamar kowa ne ya ƙare.

A nan yanayin garinmu yake shigowa. Tun 1890 likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu marasa lafiya yana dushewa idan sun motsa jiki. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne: jijiyar da ta rasa riga tana iya daina kai saƙo idan zafin jiki ya ƙaru da ko rabin digiri. A da har wanka da ruwan zafi ake sa mutum don a gwada ko yana da ciwon. To a ɗora wannan a kan bazarar Damagaram, watan Afrilu da Mayu, inda ake wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano, an ɗauke wuta, ga girki a kan murhu. Ba sabon tabo ne yake fitowa ba, kuma da jiki ya huce abin yakan lafa, amma a cikin waɗannan sa'o'i gajiya da jinkirin tunani suna ƙaruwa, haƙuri yana gajarta. Ruwan randa, jiƙaƙƙen zane a wuya, da mayar da aiki mai nauyi zuwa bayan asuba suna yin abin da faɗa ba zai yi ba.

Wasu kuma suna rasa sunan abin da suke ji. A tambaye su ko ransu ne ya ɓaci, su ce su dai ƙirjinsu ya yi nauyi. Hausa dama a jiki take ajiye ji: gaba ya faɗi, zuciya ta yi baƙi, jiki ya yi sanyi. Ga wanda jikinsa ke aiko masa da saƙonnin ƙarya dare da rana, ƙaiƙayi inda ba cizo, ɗauri inda ba igiya, rarrabe faɗuwar gaba ta tsoro da ta ciwo ba ƙaramin aiki ba ne.

Magani ma yana da hannu. Idan ciwon ya taso, akan yi ƙarin ruwa da kotizon mai yawa, giram ɗaya a rana na kwana uku zuwa biyar. Yana saurin kwantar da kumburi, amma yana iya hana barci, ya sa mutum surutu da rawar kai ko saurin fushi, wani kuma ya faɗa ƙunci bayan an gama. Ya kamata a gaya wa mai jinya tun kafin a sa allura, don kada a koma gida a ce asibiti sun ƙara masa taɓin hankali.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cewa wannan ɓangare na ciwon yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Magungunan da ke rage tasowar ciwon kansa suna da tsada. Sai a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga ciki, har da rituximab, a jerin magungunan da ya wajaba ƙasashe su tanada. Amma dariya da kukan da ba su da linzami sukan lafa da ƙaramin awo na amitriptyline, tsohon magani mai araha wanda aka nuna amfaninsa a kan haka tun 1985, ko da sababbin magungunan damuwa. A Amurka an amince da wani haɗi na musamman don wannan a 2010. Ciwon damuwar ma yana sauƙi da magani, da zaman tattaunawa da ƙwararre mai koya wa mutum kama tunanin da ke ja shi ƙasa, da motsa jiki daidai ƙarfi. Sharaɗin shi ne likita ya rubuta, ba mai tallar ƙwayoyi a tire ba, don amitriptyline yana taɓa bugun zuciya, yana iya riƙe fitsari, yawansa kuma yana kisa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Matsalar ita ce watannin da ake ɓatawa kafin a je, da dukan da wasu ke sha da sunan fitar da aljani.

Malamar ta koma aji. An sauya mata darussa zuwa safiya, tana shan ƙwaya ɗaya da dare, dariyar kuma ta ragu ƙwarai ko da yake ba ta ɗauke gaba ɗaya ba. Ta koyi jin tasowarta, sai ta gyara zama, ta ja numfashi a hankali, ko ta miƙe ta nufi bayan gida. Akwai matan da har yau ba sa zama kusa da ita a taro. Gwaggon nan kuwa ita take raka ta duk gidan suna ko makoki, da ƴar butar ruwan sanyi a cikin jaka. Idan abin ya zo, sai ta miƙa mata ruwan, ta juya ga matan ta ce, "Ciwo ne, ku ci gaba da addu'arku."